Wankan Kwamfutar Baba

Baba mutum ne da ya yi rayuwarsa kaf yana magana. Mai aski ne, kuma duk wanda ya zauna a kujerarsa ya san ba aski kaɗai zai samu ba. Sai ya ji tarihin kakansa, ya ji ra'ayin Baba a kan ƙwallon da aka buga jiya, sannan a yi masa bayani dalla-dalla a kan abin da ya sa askin da ya nema bai dace da siffar ƙeyarsa ba. Mama takan ce da bakinsa ne ke riƙe da almakashi, da ya aske unguwar gaba ɗaya kafin rana ta take.

To, wannan mutumin ne ciwo ya zo ya fara da harshensa. Ciwon jijiyoyi ne, irin wanda ba ya gaggawa kuma ba ya mayar da abin da ya karɓa. Ya karɓi harshe, ya karɓi ƙafafu, ya karɓi hannun hagu, ya bi na dama yatsa bayan yatsa, har ya bar masa babban yatsa shi kaɗai. Hankalinsa kuwa garau yake, babu abin da ya taɓa shi, kuma a ganina wannan shi ne mafi muni a cikin lamarin.

Da wannan yatsan yake magana. Wata ma'aikaciyar gashin ƙashi a asibiti ce ta samo musu wani ɗan baƙin akwati da bai wuce faɗin tafin hannu ba, mai jan maɓalli a samansa da waya da ake jonawa a wata tsohuwar laftof. Haruffa suna jere a allo, wani haske yana bin su layi-layi. In hasken ya zo layin da Baba ke so sai ya danna, hasken ya koma bin haruffan layin ɗaya bayan ɗaya, ya sake dannawa. In jimla ta cika, kwamfutar ta karanta ta da wata murya mara hawa mara sauka. Jimla ɗaya takan ɗauki lokacin da ruwan shayi zai tafasa har ya huce, amma Baba bai taɓa ɓata ta a kan neman ruwa ko juyi ba, don waɗannan da ƙiftawar ido yake nema. Tsokana yake yi da ita. Yakan sha wahalar rabin hantsi don kawai ya gaya wa baƙon da ya zo dubiya cewa wanda ya yi masa aski maƙiyinsa ne.

Ƙaramar 'yarsa ce kaɗai ta rage a gidan tare da su. Kowa Auta yake ce mata, har masu kawo mata aiki. Shagon gyaran kwamfuta gare ta a wani layin shaguna, ɗan ƙuntatacce, teburi ɗaya da kanta biyu cike da tsofaffin allunan da masu su suka manta da su. Ta iya aikinta, wannan kam babu musu. Tana kuma da wata ɗabi'a da ta yi suna da ita: kwamfuta ba ta barin teburinta sai ta yi mata abin da take kira wanka. Ko ƙusa ɗaya aka kawo ta ɗaure, sai ta sabunta babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ta share tarkacen da ya taru, ta goge tsofaffin ajiye-ajiyen da ke cin wuri. Mutane suna son hakan. Sukan dawo su ce tun da suka sayi abin bai taɓa gudu haka ba, ita kuma ta yi kamar ba ta ji daɗi ba.

Wata safiya Mama ta ce ramin cajin kwamfutar Baba ya yi sako-sako, sai an tokare wayar da filo take ɗauka. Auta ta duba ta ce aikin ɗan lokaci ne, kafin azahar ta dawo da ita. Ta tsaya da jakarta a kafaɗa tana jiran Baba ya gama abin da ya fara rubutawa. Hasken ya yi ta zagaye, yatsan yana dannawa.

"Bakina ne za ki tafi da shi," in ji muryar. "Kar ki ba wani aro."

Mama ta yi dariya har da riƙe ƙugu. Auta ta ce, "Baba, wa zai iya da shi ma in an ba shi?" Ta zare wayar, ta bar ɗan akwatin a gefen gadon, ta fita.

Gyaran bai ɗauki komai ba. Ta buɗe, ta ɗora wa ramin dalma, ta rufe, caji ya kama. Daga nan wata mata ta shigo da firintar da ke cin takarda, suka shiga hira, hannun Auta kuma ya ci gaba da abin da ya saba ba tare da ya shawarci kanta ba. Ya jona kwamfutar Baba da intanet, abin da ba a taɓa yi mata ba tun da ta shigo gidan. Ya danna sabuntawa. Da ta gama, ya bi da shara, ya amsa "eh" ga duk tambayar da allon ya yi. Auta ma har da goge murfin da ɗan tsumma, tana tunanin yadda Baba zai ga hasken nasa yana tafiya babu sarƙewa.

A gida ta ajiye ta a kan ɗan teburin da ake tura masa saman gado, ta kunna, ta ɗauki wayar akwatin ta jona. Allon ya yi shuɗi gaba ɗaya, wani farin rubutu ya bayyana, kwamfutar ta mutu ta sake tashi da kanta. Tana gama tashi ta sake yin shuɗin.

"Me ya same ta?" in ji Mama.

"Ba komai, Mama, yanzu za ta daidaita."

Ta zare akwatin, kwamfuta ta tashi lafiya lau, har da sauri fiye da da. Ta jona a ɗaya ramin, shuɗi. Ta sake gwadawa, shuɗi. Baba yana kallonta, yatsansa a kan jan maɓallin yana jira. Ta ce wataƙila wani abu ne ya goce a ciki, gobe da safe za ta duba a shago. Baba ya ƙifta ido sau ɗaya, wato to.

Abin da ta yi washegari, duk mai gyara zai gane shi, kuma zai gane dalilinsa. Ta fara da ƙarfe. Ta cire ram, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfutar, ta goge ta mayar, ta gwada shi, lafiyarsa ƙalau. Ta gwada faifan ajiya, babu tabo ko ɗaya. Ta auna zafi, ta busa fanka, ta duba dalmar da ta ɗora da gilashin ƙara girma ko ta taɓa wani wuri. Tana yi tana fata a zuciyarta ta tarar da wani abu ya ƙone, don in ƙarfe ne ya mutu to tsufa ne ya kashe shi, ba ita ba. Babu abin da ya ƙone.

Shago biyu gaba da nata akwai tsohon da ya koya mata aikin, wanda duk layin ke kira Kashe-Kunna, saboda ko gidanka aka ce ya kama da wuta abin da zai fara tambaya ke nan. Ya leƙo da kofin shayinsa ya ga fuskarta.

"Kin kashe kin kunna?"

"Malam, don Allah yau ba ranar wasa ba ce."

Ya ja kujera ya zauna. Ta jona akwatin da ta taho da shi daga gida, ya gani da idonsa. Ya ce ta buɗe ɗan bayanin da kwamfuta ke bari a duk lokacin da ta faɗi, wanda ke nuna abin da take yi a daidai lokacin. Ta san da shi sarai, tun safe take kewaye shi. Ta buɗe. Suna ɗaya ne yake maimaituwa a kowace faɗuwa, sunan wani direba, wato 'yar ƙaramar manhajar da ke yi wa kwamfuta tafinta da duk na'urar da aka jona mata. Kwanan watan da ke jikinsa na jiya ne.

"To ai ga shi," in ji Kashe-Kunna. "Sabuntawar ta ga akwatin nan ba ta san shi ba, ta ɗora masa direban da take ganin ya yi kama da nasa. Shi kuma da an jona sai ya taɓa inda bai kamata ba, komai ya rushe. Ki tayar da ita a sef-mod ki mayar da tsohon."

Ta tayar da ita haka, da tsirarun abubuwan da ba ta tashi sai da su. Ta shiga inda ake mayar da direba zuwa na baya. Maɓallin a dushe yake, ba ya dannuwa.

"To ki koma ajiyar da take yi kafin sabuntawa."

Auta ta kau da kai tana tattara ƙusoshin da ke kan teburi.

"Auta."

"Na yi mata wanka, Malam."

Ya ajiye kofin a hankali. Shi ne ya koya mata wankan, shi ne ma ya raɗa masa sunan, don haka bai da bakin faɗa. Ya dai shafa kansa ya ce, "Kai, kai, kai. Ta Babanki?" Da ya zage ta ma da ta fi jin sauƙi.

Daga ranar Auta ta shiga farautar tsohon direban. Ta sa manhajar da ke tono abin da aka goge, amma sabbin fayilolin sun riga sun kwanta a kan wurin, sai gutsattsarin da ba su da amfani ta samu. Ta nemi faifan da akwatin ya zo da shi, Mama ta ce ita ba ta taɓa ganin wani faifai ba, da ma na hannu ne aka samo musu. Ta nemi kamfanin da ya ƙera shi, ta tarar ya daɗe da rufewa, shafinsa babu komai sai sanarwar cewa ana sayar da adireshin. A dandalin tattaunawa ta ga mutane daga ƙasashe daban-daban sun yi irin tambayarta shekarun baya, wani don mahaifiyarsa, wata don ɗanta, a ƙarƙashin kowace tambaya kuma babu amsa sai wani ya zo ya rubuta cewa shi ma nema yake. Shafukan da suka ce suna da shi kuwa, ta gwada su a wata tsohuwar kwamfutar shago, babu abin da suka zubo mata sai ƙwayoyin cuta da tallace-tallace.

Yayanta ya kira daga garin da yake aiki ya ce a daina wahala, zai sa a aiko da sabuwar na'ura. Da aka bincika, sai an yi odarta daga waje, sai kuma wani ƙwararre ya zo ya daidaita ta da mara lafiya, babu wanda ya iya cewa ga lokacin da za ta iso. Ya ce to ta yi ƙoƙari, ai ita ce injiniyar gidan. Bai san ita ce ta jawo ba, ita ma ba ta gaya masa ba.

Ta gwada dabara. Ta farke wani linzamin kwamfuta, ta haɗa masa maɓalli, ta samo wata manhajar kyauta mai bin haruffa da haske, ta kai gida da yamma tana ta zuba bayani. Amma tsarin haruffan daban yake da wanda idon Baba ya haddace, hasken kuma yana gudu kamar ana korarsa. Ya danna ya wuce layin. Ya sake, maɓallin bai shiga ba sai a karo na biyu. Auta ta ce taurin maɓallin ne, za ta sassauta shi. Baba ya rufe idonsa bai sake buɗewa ba har ta kwashe kayan. Ta fito tsakar gida ta tsaya a bakin famfo, cike da kunya da baƙin ciki.

Bayan wannan sai ta daina shiga ɗakin. Ba wai ta yanke shawarar hakan ba ne. Kawai takan fita tun kafin Mama ta gama goge masa jiki, ta yi sallama daga bakin ƙofa, in ta dawo kuma ya riga ya yi barci. Tana gaya wa kanta cewa kowace sa'ar da ta zauna a gefen gadonsa sa'a ce da ta ƙara wa shirunsa. Gaskiyar ita ce ba ta iya haɗa ido da shi. Ta rufe ƙofar shagon rabi, ta mayar da masu kawo aiki, shayin da Kashe-Kunna ke ajiye mata yana hucewa a inda ya ajiye shi.

Mama kuwa tana can tana fama da tambayoyin eh da a'a. Ruwa? Juyi? Filon ya yi tudu? A buɗe taga? Yakan amsa da ido, amma mutumin da ya saba gaya wa duniya ra'ayinsa, me eh da a'a za su yi masa? Wata rana ta tare Auta a zaure da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Likita ya zo jiya."

"Me ya ce?"

"Ya ce numfashin ya ragu. Ya ce abin yana sauri yanzu." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Jiya yini ya yi yana kallon ƙofa. Na tambaye shi komai na duniya, duk a'a yake cewa. Akwai abin da yake son faɗa, Auta, ni kuma na kasa gane shi."

"Shi ya sa nake sauri, Mama. Na kusa."

"Ki shiga ki gaishe shi mana."

"In na dawo. Yau da ita zan dawo tana aiki."

Ba ta dawo da ita tana aiki ba. Amma a ranar ne tunani ya zo mata, wanda ya kamata ya zo tun farko: akwatin nan ba shi kaɗai aka ƙera ba. Washegari ta tafi asibiti ta nemi ma'aikaciyar gashin ƙashin, ta jira a kan benci har matar ta sallami masu jiranta. Matar ta yi tunani ta ce a iya saninta mutum ɗaya ne ya taɓa amfani da irinsa, wani malamin makaranta, kuma ya rasu. Ma'aikaciyar ta kira matar mamacin a waya, ta yi mata bayani, ita kuma ta ce Auta ta zo.

Gidan a hawa na biyu yake a wani tsohon bene, matakalar tana warin omo. Dattijuwar da ta buɗe ƙofa 'yar siririya ce mai tabarau. Ba ta yi dogon gaishe-gaishe ba. Ta buɗe kabad, ta ciro wani abu naɗe cikin tawul, ta ajiye a kan teburin cin abinci. Laftof ce, da baƙin akwati irin na Baba sak, jan maɓallinsa ya koɗe a tsakiya.

"Tun da ya tafi ban kunna ta ba," in ji ta. "Kuma ba za ta fita daga gidan nan ba, 'yata. Abin da za ki ɗauka, ki ɗauka a gabana."

"To, Goggo."

Ko da ta so fita da ita ma babu amfani. Batirin ya kumbura har ya ɗaga murfin, ya lalata abin da ke ƙarƙashinsa, ko ɗigon haske ba ta yi. Auta ta fito da sukundirebobinta, ta jera ƙusoshin a kan faranti don kada su ɓata, ta zare faifan ajiyar ta jona a tata kwamfutar. Faifan ya yi ɗan ƙara, ya buɗe. Ta shiga inda direbobi ke zama, ta bi sunayen da yatsa a kan allo, sai ga shi nan, tsoho, da sunan mataccen kamfanin a jikinsa. Ta kwafe shi a filash, ta sake kwafewa a wani filash ɗin, ta kuma tura wa kanta a waya.

Dattijuwar tana tsaye a bayanta. Ta nuna wani fayil da ke gefe.

"Wannan fa?"

"A nan manhajar ke adana abin da aka rubuta, Goggo."

"Maganarsa tana nan ciki ke nan?"

"Tana nan. In kina so in buɗe miki, ko in buga miki a takarda."

Matar ta daɗe tana kallon allon. "A'a. Bar ta a inda take." Ta zauna a kujera tana kallon Auta tana mayar da ƙusoshi. "Naki mahaifin, wane yatsa ne?"

"Babban na dama."

"Shi na hagu ne." Ta shafa koɗaɗɗen maɓallin. "Wannan abin bai taɓa ba mu matsala ba ko sau ɗaya. Har yau na san da za a jona shi zai yi aiki. Yatsan ne ya tsaya."

Auta ta ce Allah ya jiƙansa, ta yi godiya, ta sauko matakalar da gudu-gudu. Maganar ta shiga kunnenta, amma kanta yana kan abin da za ta yi in sabuwar manhajar ta ƙi karɓar tsohon direban.

Ta kuwa ƙi. Allon ya ce direban ba shi da hatimin amincewa, ba za a ɗora shi ba. Auta ta sake tayar da kwamfutar ta hanyar da ake kashe wannan binciken, ta tumɓuke sabon direban har saiwarsa, ta ɗora tsohon da hannu, ta toshe duk hanyar da sabuntawa za ta bi ta sake canza shi, ta kashe intanet ɗin gaba ɗaya. Kashe-Kunna yana tsaye a ƙofa, ko shayin bai kawo ba. Ta ɗauki wayar akwatin Baba, ta yi bisimilla, ta jona.

Allon bai yi shuɗi ba. Suka jira. Bai yi ba. Ta buɗe manhajar haruffan, hasken ya fito ya kama bin layuka a hankali, da irin tafiyarsa ta da. Tsohon ya miƙo hannu ya danna, ya sake dannawa, muryar ta ce "a". Ya danna kuma, ta ce "a a". Ya fashe da dariya yana share ido da hannun riga.

"Tashi ki tafi," ya ce. "Zan rufe miki shagon."

Rana ta yi sanyi lokacin da ta isa gida. Ta shiga ɗakin kai tsaye, jaka a hannu, tana haki.

"Baba, ga bakinka na dawo maka da shi."

Sai da ta faɗa sannan ta dube shi sosai. Ya rame. Kumatunsa sun faɗa, an ƙara masa filo a baya don numfashi, ƙirjinsa yana ɗagawa kaɗan-kaɗan. Gemun da bai taɓa yarda ya wuce tsari ba ya fito barkatai, don Mama tana tsoron reza. Idanun ne kaɗai ba su canza ba, kuma suna kanta.

Ta tura teburin, ta kunna, ta jona. Hasken ya fara tafiya. Mama ta dafe ƙirji ta ce alhamdulillahi. Auta ta ɗaga hannunsa ta ɗora babban yatsan a kan jan maɓallin kamar yadda aka saba, ta ja da baya tana murmushi.

Hasken ya bi layin farko, ya bi na biyu, ya kai ƙarshe, ya dawo sama. Babu abin da ya faru. Ya sake zagayowa. Auta ta danna maɓallin da nata yatsan, ya yi aiki. Ta rage gudun hasken. Ta gyara masa gwiwar hannu da ƙaramin filo. Hasken ya sake zagayowa, ta ga jijiyar wuyansa ta miƙe, ta ga gumi ya tsattsafo a goshinsa, maɓallin kuma ko motsi bai yi ba.

"Tun shekaranjiya na lura ba ya matse min hannu," in ji Mama a hankali. "Ban so in gaya miki ba, kina ta fama."

Auta ta durƙusa a gefen gadon. Ba ta san abin da ya sa ta yi ba, ta dai zare akwatin daga ƙarƙashin yatsan, ta sa tafin hannunta a wurin, ta riƙe akwatin da ɗaya hannun. Hasken yana tafiya. Da ya zo wani layi, sai ta ji wani abu a tafinta, ɗan motsi da bai kai bugun jijiya ba. Ta danna. Hasken ya shiga haruffan. Motsin ya sake zuwa, ta danna. Harafi ya fito a allo.

"Yana yi, Mama. Yana yi."

Haka suka ci gaba, shi yana motsawa, ita tana dannawa. Wani lokaci ta yi kuskure ya ƙifta sau biyu, ta goge su koma. Wani lokaci ya tsaya hutawa, hasken ya yi ta zagaye shi kaɗai. Mama ta fara cankar kalmomin don ta rage masa wahala, ya harare ta da gefen ido, ta kama bakinta. Ƙafafun Auta suka yi sanyi a kan siminti, ba ta motsa ba. Ba ta ma kallon abin da ake rubutawa, duk hankalinta yana tafin hannunta, tana tsoron motsin ya zo ta rasa shi. A ranta tana shirin jin ko mene ne: wasiyya, ko saƙo ga Yaya, ko inda ke yi masa ciwo duk kwanakin nan, ko ma tsokanar da ya tanada.

Hasken ya kai kan alamar karantawa, motsin ya zo, ta danna.

"Ina kika shiga," in ji muryar, mara hawa mara sauka.

Ta buɗe baki. Amsar tana nan cike da bakinta, da direban, da kamfanin da ya rufe, da benen dattijuwar, da hatimin da ta kewaye, duk gaskiya ne, kuma babu ɗaya a ciki da za ta iya gaya wa waɗannan idanun. Kukan da ta ƙi yi tun ranar shuɗin allon ya ƙwace mata. Ta kifa goshinta a gefen katifar, hannunta har yanzu a ƙarƙashin nasa.

"Ga ni, Baba," ta ce. "Ga ni nan."

Ta jira ya ƙara wani abu. Hasken ya bi layukan ya dawo, ya sake bi ya dawo, kwamfutar tana aiki sumul ba ta ko gezau. Ta jira har Mama ta tashi ta kunna fitila, ta jira washegari, da ranar da ta biyo, tafinta a buɗe a ƙarƙashin yatsan. Bai sake motsi ba.